Ranar da Hadje Ta Nome Gazon

Duk wanda ya taɓa sayen nama a kasuwar Roumdé Adjia da ke Garwa ya san Mahamman, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Mahauci ne ɗan mahauci, gajere kakkaura, idan yana ciniki sai ka rantse faɗa yake yi. Tun yana yaro yake bin ubansa kwata, ya koyi fiɗa kafin ya iya ɗaura wando da kyau. A wurinsa ciyawa abu ɗaya ce, abin da sa zai ci ya yi kitse. Da a ce a lokacin wani ya gaya masa watarana zai durƙusa yana lallashin ciyawa, da ya bi shi da bulalar jijiya.

Ciwon matarsa Dela ne ya juya shi. Hawan jini ya buge ta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da ta fara samun sauƙi, Madam Émilienne, likitar da ke zuwa gida tana motsa mata gaɓoɓi, ta ce dole ta riƙa taka ƙasa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta sandare ke nan. Dela ta gwada, ta faɗi a kan simintin baranda, goshinta ya fashe. Daga ranar ta ce ita da tsayuwa sun yi hannun riga. Mahamman ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya ɓuya a banɗaki ya yi kuka, amma ko gezau.

Madam Émilienne ce ta ce masa, "Malam, tsoron faɗuwa ne ke hana ta. Da kuna da gazon, ko ta faɗi ba komai."

Gazon! Irin shimfiɗaɗɗiyar ciyawar nan da yake gani a filin ƙwallo. Kalmar ta shiga kan Mahamman ta zauna daram. Ya je bakin kogin Binuwai ya ciro ƙiri-ƙiri, ciyawar nan mai yaɗo a ƙasa, ya dasa a tsakar gida daga baranda zuwa gindin mangwaro. Abokan sana'a suka yi ta masa tsiya, wai mahauci ya koma makiyayi marar saniya. Bai kula su ba. Kafin damina ta yi nisa tsakar gidan ya yi kore shar, Dela ta fara leƙowa ta taga tana kallo.

Ana nan sai yayarsa Hadje ta sauka daga Marwa duba marar lafiya. Ita kuwa Hadje mace ce da duk unguwarsu Domayo ake misali da tsaftar gidanta, ko tsinke ba ya kwana a tsakar gidanta. Ta iso da hantsi, Mahamman yana kasuwa, Dela tana barci. Tana shigowa ta ga ciyawa ta cinye gidan ƙaninta, sai hawaye. Ashe haka ciwo ke wulaƙanta gida! Ashe babu maƙwabciya ɗaya mai tsoron Allah da za ta ɗauki fartanya! Ko ruwa ba ta sha ba, ta ci ɗamara, ta hau noma.

Da azahar Mahamman ya dawo da hanta a leda. Ya tarar da fiye da rabin gazon ya koma jar ƙasa, an share tas, har da zanen tsintsiya. Hadje ta tare shi tana haki, fuskarta cike da annuri.

"Mahamman, ka ga na fitar da kai kunya. Saura can gefen, sai rana ta yi sanyi."

Ledar ta suɓuce daga hannunsa. Mutumin da ake jin muryarsa daga bakin titi, ranar da kyar ya ce, "Yaya, ina ciyawar?"

"Na ba tumakin maƙwabta, su ma su samu."

Ai kuwa ya fita a guje ba takalmi. Mutanen unguwa har yau suna ba da labarin yadda suka ga Mahamman yana kokawa da tunkiya a kan dami, yana ja tana ja, yana kiranta ɓarauniya. Ya dawo rungume da abin da ya ƙwato, saiwa da ƙasa duk a rigarsa. Sai a lokacin ya zauna ya bayyana wa Hadje dalilin ciyawar. Ta dafe kai, ta yi salati, ta fashe da kuka har sai da shi da aka yi wa ɓarna ya koma ba ta haƙuri.

"Ba inda zan je sai ta tsiro," in ji ta. "Nuna mini yadda ake mayar da abin nan."

Aikin kuwa ya yi daɗi, don mutum biyu ne masu zafin nama kuma kowa ya fi kowa sani. Mahamman ya sassauta ƙasar da fartanya, ya kawo yashin kogi ya cike ramukan da Hadje ta haƙa, don ko ɗan kwari bai yarda ya rage ba inda ƙafar Dela za ta turguɗe. Daga kwata ya kwaso abin cikin tumbin shanu wanda ya daɗe a jibge ya ruɓe, domin ɗanye ƙona saiwa yake yi, ya taɓa gwadawa ya ji jiki. Hadje ta zauna tana tsince sassan da ke da rai daga damin, suna dasawa tazarar tafin hannu, suna dannewa da diddige. Suka kafa zana don ranar Garwa ba ta da mutunci. Ban ruwa da sassafe da yamma, kuma ya kafa doka, ruwan wanki ko na wanke-wanke kada ya kusanci wurin.

Da sabon tsiro ya fara leƙowa, Mahamman ya riƙa tsalle yana kiran mutane su zo su gani, har mai sayar da ruwa bai tsira ba. Hadje ta zama dogari. Ta koyi bambanta ƙiri-ƙiri da aya-aya da ƙarangiya, tana tuge mugayen da hannu tana zaginsu. Shi kuma yana bi da almakashi yana rage tsawo, ba ya aske ta ƙwal, don ya lura in an yi ƙasa da ita sosai rana ke cinye ta.

Dela duk tana gani daga kujerarta a baranda, tana dariyar faɗansu. Wata safiya, da faci ya haɗe da tsohuwar ciyawa har ba a gane tabon, ta ce, "Maigida, cire mini takalmi."

Ya durƙusa ya cire. Ya kama ta ta dama, Hadje ta hagu, suka sauko da ita. Ƙafarta ta nutse cikin sanyin raɓa, ta ja numfashi.

"Ku sake ni."

Suka saki. Ta ɗaga ƙafar dama, ta jawo ta hagu, ta ƙara, ta ƙara. Can gwiwar ta lanƙwashe, ta tafi gaba ɗaya ta zube. Mahamman ya ƙwalla ihu ya yi kanta. Sai ya tarar tana kwance rigingine tana ƙyaƙyata dariya, ko ƙwarzane babu.

"Kada wanda ya taɓa ni," ta ce. "Da kaina zan tashi."

Ta dafa ƙasa, ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa ta miƙe tsaye, tana layi, ganye a ɗankwalinta. Hadje ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Mahamman kuwa ya zauna daɓas a kan ciyawar, ya rufe fuska da hula, wannan karon bai nemi wurin ɓuya ba.