Dami Tara

Ina koyar da ƙididdiga a Gumel, a ajin malaman firamare masu ƙaro karatu. Ɗalibaina a warwatse suke, wasu a Maigatari, wasu a Gagarawa, ba kowane mako suke samun zuwa ba. Sai na buɗe mana shafi ɗaya a intanet, kowa ya rubuta daga wayarsa, kowa yana ganin na kowa. Har da fankamata a gaban abokan aiki, wai na zamanantar da aji.

Da kaka na ce kowa ya sa yawan damin geron da gidansu ya samu, mu fitar da matsakaici. Akwai wani dattijo daga Sule Tankarkar da muke kira Baba, wanda aka ce masa ko ya kawo takardar shaidar wannan karatu ko ya bar koyarwa. Ruwa ya ɗauke musu da wuri a shekarar. Ya rubuta tara, ga shi da iyali cike da gida.

Da la'asar na duba, tara ta zama arba'in. Can sai ta koma tara. Kafin magariba ta sake zama arba'in. Ina riƙe da waya ina kallo kamar mai kallon gobara daga tsallaken titi.

Na kira shugaban ajin da faɗa. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ya za a bar asirin Baba a buɗe, har sa'o'in 'ya'yan cikinsa suna gani? Rufa masa muke yi."

Na kira Baba. Ya ce, "Malam, abin da Allah ya ba ni ke nan, ban ji kunyarsa ba. Amma tunda suka fara gyara mini, na san tausayina ake ji."

Na rasa wanda zan ba gaskiya. Na kulle shafin, amma ai an riga an gani. Na roƙi Baba, na aika masa abokinsa har gida, ya ce a gaishe ni. Da kansa ya nemi in goge layinsa, kuma bai sake zuwa aji ba. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Ranar Asabar na tsaya gaban allo muka yi lissafin. Da babu taran Baba, matsakaicinmu ya tashi sosai. Na rubuta shi, suka kwafa, ba wanda ya ɗaga kai.