Majigin da Sahabi Ya Yi wa Mutum Ɗaya

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Sahabi makwancinsa a Jega. Taubashina ne, ɗan kawuna, kuma tun muna yara ban taɓa barinsa ya sha ruwa cikin natsuwa ba, shi ma bai raga mini ba. Mutane sun san shi da Sahabi Majigi, don shi ke yawo da motar gwamnati daga Jega zuwa Maiyama har ƙauyuka irin su Alelu, yana nuna wa jama'a fim ɗin rigakafi da na takin zamani. Wannan kowa ya sani. Abin da zan faɗa yau kuwa kaɗan ne suka san shi.

Kawu, mahaifinsa, dillalin albasa ne a Aliero, mutum mai karatu da tsantseni. A fahimtarsa hoton abu mai rai haramun ne, na zane ne ko na kyamara. Wasu malamai sun sassauta, shi bai sassauta ba. Ranar da Sahabi ya kama aikin majigi, Kawu bai yi masa baki ba, bai kuma kore shi ba. Cewa kawai ya yi ba zai ci abin da aka saya da albashin nan ba, ya kuwa cika. Sahabi ya aika da buhun shinkafa, a dawo da shi. Matarsa Hajo ta yi tuwon salla ta aika, kwanon ya komo a rufe yadda ya tafi. Gaisuwa tana nan, zumunci yana nan, amma kowa ya san nauyin a ce mahaifinka ba ya cin abincin gidanka. Sahabi mutum ne mai fara'a, sai dai abin nan ya ci shi a rai shekara da shekaru.

Ana nan aka tura shi kwas Legas, koyon gyaran na'urar majigi. Wani Bajamushe cikin masu koyar da su ya nuna musu tsofaffin finafinan ƙasarsu, waɗanda aka yi bayan yaƙin duniya na farko. Masu zane ne suka yi su, mutanen da suka gaji da zanen da ba ya motsi. Babu ɗan wasa, babu labari, babu magana. Murabba'i ne yake girma ya matso ya koma, layi ya lanƙwashe ya haɗiye wani, haske ya kumbura ya sace. Wasu a kan gilashi suke shafa fenti su ɗauka, wasu takarda suke yankawa, wani ma kaki yake yankawa sala-sala. Sun ce kiɗa suke yi wa ido. Daga baya da mulkin kama-karya ya zo musu aka ce aikinsu lalatacce ne, da yawansu suka bar ƙasar.

Abokan kwas ɗinsa gyangyaɗi suka yi. Sahabi kuwa ya roƙi a maimaita. Da ya dawo ya same ni a makarantar da nake koyarwa a Maiyama yana ta zuba, har na tambaye shi ko Turawan sun ba shi wani abu ya sha. Ya ce abin da ya burge shi da mutanen nan, sun sami sabuwar na'ura ba su tsaya tambayar abin da aka saba yi da ita ba. Sannan ya rage murya ya gaya mini ainihin abin da ya dawo da shi: fim ya gani tun daga farko har ƙarshe babu mai rai ko ɗaya a ciki.

Kyamara ba shi da ita. Tsofaffin zaren fim da ofis ya jefar yake tsinta, ya jiƙa su a bilic hoton ya wanke, ya bar masa fari tas. Sai ya zauna da allura da alƙalamin kara yana zane a jikin zaren gida-gida. Abin da ya wuni yana yi, kafin ka yi atishawa ya wuce a bango. Shuɗi daga marina yake samo shi. Ja kuwa ya ce na Aliero zai sa, ya manna ɓawon albasa da ƙaro a jikin zaren. Fitilar majigi ta gasa shi, ɗakin ya ɗauki ƙamshi kamar ana suya, na ce masa saura ya kawo burodi. Daga baya ya gane dafa ɓawon zai yi, ya yi rini da ruwan.

Aikina shi ne farautar mai rai a cikin zanen. Ba ku san wahalar zana abin da bai yi kama da komai ba sai kun gwada. Ɗigo biyu suka jeru, sun zama idanu. Layi ya karkace, ya zama maciji. Wata rana na ce wani abu ya yi mini kama da kifi. Da wasa na faɗa, amma ya duba, ya sa almakashi ya datse aikin da ya daɗe yana wahala a kai. Ya ce in har idona ya ga kifi, na Kawu ma zai iya gani.

Lokacin da ya gama, cutar yanar ido ta fara rufe idon Kawu. Fuska ba ya ganewa sosai, sai haske da duhu da launi. Ni aka aika in gayyato shi kallo, don ɗan 'yar'uwa yana faɗa wa kawunsa abin da ɗan cikinsa ba zai iya ba. Na rantse masa babu mutum, babu dabba, ko ƙuda babu. Ya ce na'urar ba za ta shiga gidansa ba. Sai muka kafa ta a ɗakin ajiyar albasa da ke bayan gidan, bayan la'asar, muka toshe taga da buhuna. Na riƙo hannunsa na zaunar da shi dab da bango.

Launuka suka fara tashi. Ja ya buɗe, shuɗi ya ratsa shi, fari ya yi ta ƙyalƙyali a tsakani. Ina jin numfashin Sahabi a bayana. Can sai Kawu ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wancan mi na na?"

Na ce a raina shi ke nan, wani kifin ya tsere mini.

"Ba komi ba na, Baba," in ji Sahabi. "Launi na kawai."

"A'a," Kawu ya ce. "Ruwan hwadama na, in rana ta hau bisa nai. Na daɗe ban gane shi ba. Maido shi in ƙara gani."

Aka maido. Da ya ƙare Kawu ya miƙe, ya laluba sandarsa, har ya kai bakin ƙofa sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ka ce ma Hajo in ta dahwa tuwo ta aiko man."

Kada mai karatu ya ɗauka Kawu ya canza ra'ayi. Har ya rasu yana nan a kan bakansa game da hoto. Abin da ya gaya mini daga baya shi ne, yaron da ya ji tsoron ɓacin ransa har haka, shi Kawu ba zai so ya koma ga Allah bai ci tuwon gidansa ba.

Nakan tambayi kaina me Sahabi zai ce da ya ga yau. Ɗaliban jami'a a Aliero suna sa siffofi su yi rawa a kwamfuta kafin shayinsu ya huce. Na tabbata da ya ja kujera kusa da su yana tambaya har su gaji da shi, don bai san hassada ba. Bara na sa aka nemo mini finafinan Jamusawan nan a waya, na gan su karon farko, shekara ɗari bayan yin su. Na yi musu jinjina, mutane ne masu ƙarfin hali. Amma sai na tarar ina neman kifi a ciki, hawaye suka zo mini.

Nasu an adana, duniya tana kallo. Na Sahabi kuwa, da Hajo ta buɗe gwangwanin da ya ajiye shi a ciki bayan rasuwarsa, zafin Jega ya narkar da zaren ya manne wuri ɗaya, sai tsami ke tashi. Bai taɓa nuna shi a dandali ba, bai kuma sake yin wani ba. Na sha yi masa tsiya cewa ya binne baiwarsa, yakan yi dariya ya ce wanda aka yi dominsa ai ya gani.

Mu uku ne a ɗakin nan ranar. Biyu sun riga ni, Allah Ya jiƙansu da rahama. Ni kaɗai na rage da zan iya ba da shaida cewa an yi fim ɗin, kuma ya yi kyau. To, ga shi na bayar.