Shekarar da Aka Hana Mu Gidan Iya

A zangon Sokode, idan aka tashi daga lekol, wato makarantar boko, da yamma, ba gida muke nufa ba. Iyayenmu mata suna kasuwa har rana ta yi ja, mazan kuma suna tasha, ko wajen shanu, ko ofis kamar babana da ke aikin gidan waya. Gidan Iya muke zuwa.

Iya ba ta haifi kowa a cikinmu ba. Matar wani dattijo ce mai sayar da goro, ɗanta ɗaya tilo yana aikin gwamnati can arewa. Ba wanda ya san yadda abin ya fara. Mun dai taso mun tarar iyaye mata suna karɓa-karɓa: yau wannan ta aiko da wasa-wasa, gobe waccan ta aiko da wake da shinkafa. Wata Bakotokoliya da ba ta jin Hausa sosai, ita kullum soyayyen wagashi, cukun nonon shanu, take bai wa ɗanta ya kawo.

Maza suna langa, mata suna carafke, Iya tana zaune a bakin madafa tana tsintar shinkafa, amma ba abin da ke wuce ta. Wanda ya yi faɗa, shi zai cika randa. Takan kalli yaro ta ce, “Zo nan, maigida. Miji ba cefane, sai ci kamar fara!” Tana tsokanarsa tana taɓa masa goshi, in da zazzaɓi ta sani tun kafin uwarsa.

Ni ban iya wasa ba, kuma magana tana yi mini wuya. Iya ta lura, ba ta taɓa cewa in tashi in shiga cikin yara ba. Kujera ’yar tsugunne ta ajiye mini kusa da ita, ina karatuna, ihu yana zagaye ni. Idan suka fara kirana Madam Lekol, sai ta ce, “Ku ƙyale mini ƙawata, mu hirarmu ba da baki muke yi ba.” Nan kaɗai nake iya zama cikin mutane hankalina kwance.

Shekarar da nake shirin jarrabawar gama firamare, mijin Iya ya rasu, ta shiga takaba. Tun a wajen zaman makoki iyayenmu mata suka yanke shawara a tsakaninsu. Da muka koma gida innata ta ce, “Daga yau kada in ji an ga ƙafarki a gidan Iya. Baiwar Allah tana takaba, ku je kuna yi mata langa a ka?”

Kara suka yi mata. Suna zuwa su gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa, su ajiye kwanon abinci, su fito.

Mu kuwa sai muka watse. ’Yan mata aka ɗora musu farantin talla, maza suka koma tasha suna ɗaukar kaya. Ƙananan aka riƙa kulle su a ɗaki, ko a goya su zuwa kasuwa su wuni cikin rana. Waɗanda suka rage, lekol ta kwashe su koyon waƙoƙin yabon gwamnati da rawar animasiyo da ake yi a tarukan manya. Ni ina gida ni kaɗai, littafi a cinya, shiru ya hana ni gane abin da nake karantawa. Ina ta jiran takaba ta ƙare mu koma.

Ba mu koma ba. Ɗanta ya zo ya tarar da ita ta rame, gida ba motsin kowa, ya ce ba zai bar ta haka ba. Ya tafi da ita Dapango, inda yake aiki.

Ina kwaleji aka mayar da babana aiki Dapango, muka bi shi. Da muka natsu, innata ta nemi gidan, muka je tare. Gidan siminti ne mai ƙofar ƙarfe, nesa da zango. Ɗan da matarsa duk suna ofis. Muka same ta a baranda ita kaɗai.

“Wa nake gani? Ƙawata ce? Har yanzu bakin a ɗinke yake?”

Na durƙusa na gaishe ta. Ta riƙe hannuna ba ta saki ba, ta juya wajen innata.

“Ke kuma, tunda Allah ya kawo ki, faɗa mini. Laifin me na yi muku?”

“Laifi kuma, Iya?”

“Malam ya rasu, kuka kwashe mini yara rana ɗaya. Na ce ko wani ya ji ciwo a hannuna aka ɓoye mini. Ko kuwa gidan mutuwa kuke gudar musu.”

“Subhanallahi! Iya, hutu muka ba ki. Muka ce hayaniya ba ta dace da mai takaba ba.”

“Hutu!” Ta yi ’yar dariya. “Kullum la’asar sai na share tsakar gida. Ina jin muryoyinsu ta bayan katanga, ina gane kowa, har su wuce.”

“Ai da kin aiko, Iya.”

“Mai takaba ta aika a kawo mata ’yan wasa? Me zango zai ce? Ke da kike shigowa kina gaishe ni, me ya hana ki tambaya?”

Innata ta ce, “Kunya, Iya.”

“To, ni ma ita ce.”

Daga nan ta shiga tambayar yaran ɗaya bayan ɗaya. Innata tana ba ta amsa: wannan ya bi mota ya bar lekol, waccan tana talla har yanzu, ɗan Bakotokoliyar an kai shi ƙauye wajen kakarsa. Iya tana cewa Allah ya raya, Allah ya raya, muryarta tana raguwa.

Da za mu tafi innata ta ce ko za a yi wa ɗanta magana ya mayar da ita Sokode. Iya ta girgiza kai, ta ce an riga an ba da gidan haya, kuma ƙafafunta ba sa kai ta ko bakin ƙofa yanzu. Ta ce dai in riƙa leƙowa idan an tashi daga lekol. Na riƙa zuwa, amma ni kaɗai ce, kuma ni ba mai hayaniya ba ce.