Malamar da ta ce ba ta gamsu ba

Akwai wata Asabar da har in mutu ba za ta fita raina ba. A lokacin na shekara goma sha ina sa tayil a Sakkwato, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba.

Wata malamar makaranta ce, Kirista daga kudancin Kaduna, ta ba ni aikin gidanta a unguwar Gidan Dahala. Muka yi da ita in fara da banɗaki, in ya yi mata, sauran gidan duka nawa ne. Kwana biyu na gama. Ranar Asabar ɗin ta zo ta duba, ni kuwa na harɗe hannu ina jiran yabo.

"Malam, gaskiya ban gamsu ba," in ji ta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mu nan ba a faɗa wa mai sana'a haka ido da ido. Ko aiki bai yi ba, sai a ce maka sannu da ƙoƙari, a sallame ka da fara'a.

Na ce, "Malama, mi kig gani? Aikin ga ko gidan gwamna sai haka!"

Ba ta yi musu da ni ba. Bokiti ta ɗauko ta cika, ta sheƙa a ƙasa. Muna tsaye ruwan ya bar magudana, ya miƙe abinsa zuwa ƙofar ɗakin kwana, har ya jiƙa mini takalmi. Ashe ido na yarda da shi, ban ɗora ma'auni ba.

Ta ce, "Ka gani? In kira wani, ko za ka gyara?"

Kunya ta kama ni, amma na ce, "Ni nab ɓata, ni ka gyarawa." Na sa guduma na farfashe aikina da hannuna. Ranar Talata ni na sheƙa ruwan a gabanta, ya bi hanyarsa sarai, ta ba ni sauran gidan.

A hanyar komawa na riƙa tuno gidajen da aka yi ta sa mini albarka, amma ba a sake nemana ba. Sai a ranar na gane dalili. Tun daga nan na daina tsoron wanda ya ce bai gamsu ba, domin shi yana son in gyara ne. Wanda ya yi mini murmushi ya yi shiru nake tsoro, don shi ya riga ya nemi wani.