Sai da Baba Ya Sha Ruwa

Baba na sauke kayansa a tsakar gida ya ce, "Yaya gida? Yaya yara?"

Inna ta ce, "Lafiya lau."

A Matamaye ne, cikin shekarun 1950, ina 'yar ƙarama. Baba ya dawo daga cin rani a Kano, bai san ƙyanda ta ɗauke ƙanena Sani ba.

Na buɗe baki zan faɗa, sai kakata ta matse mini hannu, ta ja ni bayan rumbu.

Na ce, "Iya, ai Inna ƙarya ta yi. Sani ya mutu."

Ta ce, "Akuya ke mutuwa, mutum rasuwa yake yi. Kuma ba a tarar matafiyi da mugun labari sai ya sha ruwa."

Muka koma, na yi shiru. Baba ya sha ruwa, ya kwance ƙunshinsa, ya fito da wata 'yar hula ja, yana waige-waige, yana neman Sani. Nan Iya ta ce, "Sai haƙuri, Mai shi ya karɓi abinsa."

Baba ya ninke hular ya sa aljihu.

Jiya jikata ta tsinci labarin rasuwar ƙawarta a waya tana cikin cin abinci, shi ya tuna mini. Ku wa ya koya muku yadda ake faɗin rasuwa?