Ɗorawar Inna Tabawa

Ƙarar injin yankan itace ce ta fito da ni daga gida jiya da hantsi. Kafin in ƙarasa, ɗorawar Inna Tabawa, wata tsohuwa a ƙauyenmu, tana kwance a ƙasa.

Wani Alhaji ne daga birni ya sayi gonar bayan gidana, nan wajen Gezawa. Wai ya gaji da hayaniyar Kano, ya zo shan iska mai kyau. Bai tambayi kowa ba. Da ya tambaya, da an gaya masa a nan sayen gona daban, itacen da ke cikinta daban. Ɗorawar gadon Inna ce daga mahaifinta. Da kalwarta take yin daddawa, da daddawar take ci.

Na ce, "Alhaji, me ta tare maka?"

Ya ce, "Malam, daidai inda zan riƙa ajiye mota take. Kada ka damu, na taho da dashen itatuwan ado, masu saurin girma."

Inna tana tsaye, dogare da sandarta. Ta ce, "Ɗan nan, naka ɗin ana kaɗa miya da su?"

Dariya ya yi. Wallahi dariya!

Na yi karatun aikin gona har na ƙoshi, na tsufa ina aikin da ba a gode ba. Ban taɓa ganin littafin da ya koyar da yadda tsohuwa za ta jira sabuwar ɗorawa ta yi 'ya'ya ba.

Jama'a, ku gaya mini: idan wanda ya gudo daga birni ya taho mana da birnin, mu ina za mu gudu?