Gadon da Umma Ta Bari

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda masu hawa bas a Kubwa suka sani da Umma mai masa. Ban taɓa rubutu a jarida ba, karatuna ma a sakandare ya tsaya. Bana dai na kasa yin shiru.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da ita a wani asibitin gwamnati, ni ce mai jinya. A lokacin an rufe ɗakin mata guda, wai babu ma'aikatan da za su riƙe shi. Ta taga kana hango gadaje a jere, an jingine katifu, ƙofa da kwaɗo. Mutanen ɗaki biyu aka cusa a ɗaya. Wata nas ta ce mana ba nan kaɗai ba ne, daga jihohi ma turo marasa lafiya ake yi, don can ma an rurrufe.

Wata safiya aka kawo wata yarinya daga wani ƙauye bayan Gwagwalada, ta yi ɓari, aka shimfiɗa mata zani a ƙasa daidai ƙafar gadonmu. Umma ta wuni tana kallonta. Washegari da likita ya zo zagaye, nas ta ce, "Mama, jiki yaya?"

"Da sauƙi sosai," in ji Umma. "Gida nake so."

Ƙafafunta a kumbure suke, sai a zaune take iya barci. Na buɗe baki, ta mintsine ni. Likita ya so ta ƙara kwana, ta kafe. A mota ta ce min ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ita ta ci zamaninta, yarinyar kuwa ko farawa ba ta yi ba. Har da tsokanata, wai na fiye tsoro kamar farar kura.

Sati bai cika ba numfashinta ya sarƙe. Muka koma, aka ce babu gado. Muka je wani asibitin, nan ma haka. A kujerar baya ta tasi ta cika, da rana tsaka, kanta a cinyata, direba yana neman inda zai tsaya.

Yanzu ina aure a Mararaba, cikina wata bakwai. Inda nake awo ma akwai ɗakin da aka kulle. In na zo wucewa ta ƙofar sai in ƙara sauri, don wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Da Umma na nan, na san ba za ta zagi kowa ba. Tambaya kawai za ta yi: ga gado, ga mara lafiya, me ya hana su haɗu?

An ce alheri gadon barci ne, ina fata a kansa take kwance. Ban san ko yarinyar nan ta tashi ba, ko sunanta ban sani ba. Kara irin ta Umma kuwa tana jikina, ita ma nake tsoro.

Makon jiya na je awo, kaina na sara, ƙafata ta ƙi shiga takalmi, mata cike da benci suna jira. Nas ta ce, "Madam, jiki yaya?" Kafin in ankara bakina ya ce da sauƙi. Har ta kira wadda ke bayana, sai na riƙo hannunta.

"Sista, ba sauƙi. Ki duba ni."

Allah ya jiƙan ki, Umma. Ki yafe ni, wannan gadon ba zan bar wa kowa ba.